Ranar da "ƙasa" ta koma "}asa": amsa kan haruffanmu da kwamfuta

Wani ɗalibi mai nazarin Hausa a nan Sakkwato ne ya aiko da tambayar. Ya ce ya gama buga kundin digirinsa a kwamfutarsa, ya duba komai daidai, ya ɗauka a filashi ya kai shago a fitar masa a takarda. Da aka buɗe sai ga "ƙasa" ta zama "}asa", "ɗaya" ta zama "]aya", a wasu shafukan kuma 'yan akwatuna ne zaune a mazaunin haruffa masu ƙugiya. Yana tambaya ko bairos ne, ko mai shagon ne ya taɓa masa aiki. Ya ƙara da cewa akwai waƙoƙin ajami na kakansa da yake son ya buga, ko kwamfuta za ta iya.

Ƙanena, kwantar da hankalinka. Ba bairos ba ne, kuma kada ka ɗauki alhakin mai shago. Na haura shekara ashirin ina tsara rubutu don ɗab'i a garin nan, tun daga katin ɗaurin aure har littafin makaranta, kuma da wuya wata ya fita wani bai tsaya a kaina da takarda a hannu ba yana cewa, "Malam, mi na na? Ba haka nir rubuta ba." Gaskiyarsa, ba haka ya gani lokacin da yake bugawa ba. Amma abin da ya fito ɗin, shi ne ainihin abin da ke cikin fayil ɗinsa tun farko.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. In ka danna babban A, 65 take adanawa. Ƙaramin a kuma 97. Surar da kake gani a gabanka daga wani wuri dabam take fitowa, wani ɗan fayil ne mai ɗauke da zane-zane, kowane zane da lambarsa. Shi muke ce wa fonti a shago. Ni na fi son in ce masa zubi, don ita kanta kalmar daga Faransanci ta samo asali, daga narka ƙarfe a zuba, tun zamanin da ake zuba kowane harafi da dalma. Times New Roman zubi ne, Arial zubi ne. Kwamfuta ta ga 65, ta leƙa cikin zubin da ka zaɓa, ta ɗauko zanen da ke gurbi na 65 ta ajiye maka. Lamba daban, zane daban. Duk abin da ya same ka a shagon nan, tsakanin waɗannan biyu ya faru.

Amurkawa ne suka raba lambobin a shekarun 1960, a wani tsari mai suna ASCII. Gurbi 128 kacal suka tanada: haruffan Ingilishi manya da ƙanana, alƙaluman ƙidaya, alamomin rubutu, sai wasu lambobin sarrafa na'ura. Ko é ta Faransawa ba ta samu shiga ba, balle ƙ tamu. Da aka faɗaɗa zuwa 256, Turawan Yamma suka cike abin da ya ƙaru da nasu haruffan, Rashawa da Larabawa da Girkawa kowa ya yi nasa jadawalin. Wanda kwamfutocinmu suka zo da shi babu rabon Hausa a ciki.

Ba yau muka fara wannan fama ba. Tun da aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko cikin shekarun 1930, kowace na'ura ta zo sai an yi mata dabara. A zamanin dalma, maɗaba'ar da za ta buga Hausa yadda ya kamata sai ta sa an zuba mata waɗannan haruffa musamman. Da idona na ga masu tafireta suna buga k, in an zare takardar a bi ta da biro ana ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, in an yi kwafi uku da kabon, ukun nan duka sai an bi su. A shekarun 1980 an yi yunƙurin samar da zubi guda da zai ɗauki harsunan Najeriya gaba ɗaya, aka sa masa suna Pan-Nigerian, har shahararren mai zana haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a ciki.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi da jami'o'inmu a shekarun 1990, sai masana suka yi abin da ya yiwu a lokacin. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano yana cikin waɗanda suka zana mana zubi mai ƙugiya, kuma duk wanda ya buga littafin Hausa a wancan zamani ya ci moriyar wannan aiki. Amma tunda babu gurbin ƙ a jadawali, dole aka ari na wasu. Aka duba alamomin da Bahaushe bai cika amfani da su ba, aka goge zanensu, aka zana namu a wurin. A wani zubin, gurbi na 125, wanda na } ne, aka sa ƙ; na 93, wanda na ] ne, aka sa ɗ; na 126 aka sa ɓ. A wani kuma q da x da v aka ara, tunda babu su a abacadar Hausa. To ka gani: kai kana kallon ƙ, kwamfuta kuwa 125 ta rubuta. Muddin zubin yana cikin na'urar, asiri a rufe. Ran da fayil ya je kwamfutar da ba ta da shi, sai ta ɗauko nata zubin, ta nuna mai gurbin na asali. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Maganin dindindin ya zo da Yunikod, wanda ya fara fita a 1991, da niyyar kowane harafi na kowane harshe ya samu lambarsa shi kaɗai. Yau haruffa da alamomin da ke ciki sun haura 140,000. Namu suna ciki tun farkon shekarun 1990: ƙ lamba 409, Ƙ 408, ɗ 599, Ɗ 394, ɓ 595, Ɓ 385. Wato gidanmu ya daɗe da ginuwa, mu ne muka yi jinkirin tarewa, saboda na'urorin da zubin da ke hannunmu sun ɗauki shekaru kafin su kama tsarin, hannuwanmu kuma sun riga sun saba da tsohuwar hanya.

Yanzu bari mu duba mara lafiyar. Ka ce ka ga } a wasu shafuka, akwati a wasu. Ko ban ga fayil ɗin ba zan iya faɗa maka yadda ka haɗa kundin nan. Babukan da } ta fito ka buga su da tsohon zubi, wataƙila wani na gaba da kai ya tura maka shi. Masu akwati kuwa ka kwaso su daga waya ko daga intanet, lambobinsu na Yunikod ne, lafiyarsu ƙalau. Akwatin yana nufin kwamfutar shagon ta gane lamba 409 sarai, ta leƙa zubin da aka ɗora wa rubutun ba ta samu zanenta ba, sai ta ajiye akwati a madadi. Wannan shi ne mafi sauƙin ciwo, da ka canja zubi ya warke. Kamfanin Google ma daga wannan akwati ya samo sunan zubinsa Noto, wanda aka yi da burin kada a ƙara ganin akwati a kowane harshe.

Akwai wasu iri biyu da ba ka gamu da su ba tukuna. Wata rana za ka buɗe fayil ka ga "Æ™asa" ko "É—aya". Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙira a 1992, yana adana ƙ a ƙananan lambobi biyu a jere. In manhaja ta karanta su ɗaiɗai da tsohon jadawali, sai ta fitar da baƙi biyu a gurbin ɗaya. Shi ma yana gyaruwa in an sake buɗewa da tsarin da ya dace. Wanda ba ya gyaruwa shi ne alamar tambaya. In ka ga "?asa" da "?aya" bayan an adana fayil da tsohon tsari, to lambar ta riga ta tafi, ƙ da ɗ da ɓ duk sun zama abu guda. Sai dai mutum ya zauna ya bi su da ido. Na taɓa kwana biyu cur a kan littafi mai shafi ɗari da wani abu saboda haka, mai littafin yana ta waya yana tambaya ko an kai ɗinki.

Gyaran naka kundin ba zai ci awa guda ba. Ka fara ajiye kwafi a gefe. Sannan a Word ka danna Ctrl da H, ka ce duk inda } take a musanya ta da ƙ ta gaskiya, haka ] da ɗ, haka sauran, manya da ƙanana. Sai dai ka yi hattara da manazarta. In tsohon zubinka irin mai q da x da v ne, ka ce a musanya duka a lokaci guda, za ka wayi gari da "Oɗford" da "Uniɓersity" a ƙarshen kundi. Kada ka yi dariya, na sha ganinsu a rubuce-rubucen da aka riga aka wallafa. Ka zaɓi matanin Hausar kaɗai, ka bar sunayen littattafan Turanci.

Daga nan kuma ka rabu da tsohon zubin, duk da alherin da ya yi mana. Dalilina ba kyan gani ba ne. Rubutun da aka yi da lambar aro ba a samunsa in an nema: ka rubuta "ƙasa" a wurin bincike, kwamfuta ta ce babu, alhali tana nan sau ɗari biyu a matsayin "}asa". Ba ya shiga intanet lafiya, ba ya jeruwa bisa abacada, kuma bayan shekara ashirin in zubin ya ɓace, jikanka zai buɗe ya ga shirme. Windows yana da allon bugun Hausa a cikinsa, ka ƙara shi kawai. Ka riƙe Alt na hannun dama ka danna k, ƙ ta fito. A Word ko ba ka da shi, ka rubuta 0199 ka danna Alt da X. A waya, Gboard yana da Hausa. Zubi kuwa, Times New Roman da Arial na Windows ɗin zamani suna da haruffanmu, ga kuma Charis SIL da Gentium da Andika da Noto, duk kyauta ne.

Kuma kada ka ƙara kai wa mai shago fayil ɗin Word. Ka mayar da shi PDF tun a gida. Kamfanin Adobe ya fito da wannan tsari a 1993, amfaninsa shi ne yana tafiya da zanen haruffan a cikinsa, bai dogara da abin da ke kwamfutar wani ba. Mu masu aiki da manhajar zane ta CorelDraw kuma kafin mu tura aiki a yi filet, wato farantin da injin ɗab'i ke bugawa da shi, mukan mayar da rubutun zane tsantsa, amma sai mun ajiye kwafin da ba a mayar ba, don daga nan ko wasali ɗaya ba ya gyaruwa.

Akwai wani ɓangare da ba ka tambaya ba, amma shi ya fi damuna a matsayina na mai sana'a. Samun harafin a zubi daban, kyansa daban. Harafin kwamfuta ba hoto ba ne, kewaye ne da aka bayyana da lissafi, da irin lanƙwasar da injiniyan Faransa Pierre Bézier ya yi aiki da ita wajen zana jikin mota a kamfanin Renault. Shi ya sa harafi ɗaya zai fito a katin waya ya kuma fito a bana mai faɗin bango ba tare da ya farfashe ba. Wannan dabara ta shigo ɗab'i da PostScript na Adobe a 1984, sai firintar LaserWriter ta Apple da manhajar PageMaker suka biyo a 1985. A nan ne aikin da a da sai maɗaba'a mai injuna da ma'aikata ya dawo kan teburi guda, irin wanda nake zaune a kansa. Amma kewayen nan mutum ne ke zana shi, kuma mafi yawan masu zana ƙugiyar nan ba su taɓa karanta shafin Hausa ɗaya ba. Sukan ƙara ta ne daga baya don cika jadawali.

Ga gwajin da nake yi wa kowane sabon zubi. In rubuta "kuɗi", in ƙara girmansa. A zubi da yawa ƙugiyar ɗ tana karkatowa dama ta hau kan ɗigon i, su manne, ka rasa ina ɗigo ina ƙugiya. Ka tuna sau nawa "kuɗi" da "daɗi" da "faɗi" ke fitowa a shafi guda. Sai in rubuta "Ɗanfodiyo" da "ƙwaƙwalwa" da "ɓaɓɓake", in duba su a mai kauri da mai jirkice, don wani zubin yana da ƙ a siririn rubutu, babu a mai kauri. In babu, Word ba ya faɗa maka, sai ya aro daga wani zubi a ɓoye, ka ga ƙ ɗaya tsaye a tsakiyar kalma kamar baƙuwar akuya a garke, ta fi sauran tsawo ko siranta. A katunan biki masu rubutun ado wannan ya fi yawa. Daga ƙarshe in fitar a takarda da ƙaramin rubutu, in kai a yi hoton kwafi. Firintar ofis ta farko ɗigo 300 take zubawa a inci guda, injin maɗaba'a kuwa yakan kai 2,400. Ƙugiyar da ta yi siriri, in tona, wato garin tawadar firinta, ta fara ƙarewa, ita ke fara gudu. Sai "ƙafa" ta zama "kafa", "ɓata" ta zama "bata", "ƙashi" ya zama... ka dai gane.

Ƙaramar masifa ta ƙarshe a boko ita ce 'y. Word yana ɗaukar alamar da ke gaban y a matsayin buɗe zance, sai ya juya ta ta koma kamar 6 maimakon 9. 'Yan'uwanmu da ke tsallaken Illela sun huta, tunda a Nijar ƴ suke rubutawa, harafi guda, lamba 436. Mu Sakkwatawa ma da da bakinmu ake rubutu da mun huta, don ɗiya muke cewa.

Sai waƙoƙin kakanka. E, kwamfuta za ta iya, amma ka tsaya ka ji.

Ka tuna karatun babbaƙu: alu, ambaki, wau, zal, ba, lallan, hakuri. Malamin allo yana koyar da ha babba da ha kuri, lam jaye da lam ara, nun guda da nun ara, alhali kowane biyu harafi ɗaya ne da sura ta bambanta gwargwadon mazauninsa a kalma. Bambancin nan tsakanin harafi da surarsa, wanda na share rabin amsar nan ina bayani, almajiri ɗan shekara bakwai ya san shi. Kwamfuta lamba ɗaya take adana wa lam, zubin ne ke ɗauke da ƙa'idar cewa in yana farko ga surarsa, in yana ƙarshe ga surarsa, in ya haɗu da alu ga yadda za su rungumi juna. Tsarin OpenType da Microsoft da Adobe suka sanar a 1996 shi ya ba zubi damar ɗaukar irin waɗannan ƙa'idoji.

Matsalar ita ce zubin Larabcin da ke kwamfutarka na Gabas ne. Mu kuwa a al'adar Warshu muka tashi: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, nun ara sau da yawa ba ɗigo. Ga kuma abubuwan da Hausa ta ƙara, irin su ɗa mai ɗigo uku don tsa, da ɗigon yamala a ƙasa don wasalin e. A hankali Yunikod ya riƙa karɓarsu: rukuni ya shiga a 2005, fa da ƙaf da nun irin na Afirka suka shiga a 2016, wasu da suka shafi Hausa kai tsaye a 2020. Ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta yi zubi biyu da za su yi maka amfani: Harmattan, don Afirka ta Yamma, da Alkalami, wanda ya fito a 2017, aka kwaikwayo shi daga rubutun Kano mai kauri irin na Alƙur'anin kasuwa. Ka same su, ka sa manhajar Keyman don allon bugu.

Amma ni in kakana ne, ba da bugawa zan fara ba. Ba banza ba har yau littattafan ajami da yawa a kasuwa hannu ne ya rubuta su, aka ɗauki hotonsu aka buga. Zubi bai taɓa kamo hannun malami ba. Ka leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ka ga takardun zamanin Shehu da Bello da Nana Asma'u, za ka ga kowane magatakarda da nasa jan alƙalami. Ka fara ɗaukar hoton kowane shafi a shimfiɗe, da ɗigo 300 aƙalla, in da hali 600, har da gefen takarda inda ake ƙarin bayani. Kada ka bari kowa ya like maka su da leda mai zafi, in an yi ba a warwarewa. Sannan ka buga, shafin hoto a gefe, shafin bugu a gefe.

Wajen bugun kuma ka rubuta abin da ya rubuta, ba abin da kake ganin ya kamata ya rubuta ba. Ajami bai taɓa samun ƙa'ida guda ba. Wani malamin da ba zalla yake rubuta ɓ, wani ya ƙara ɗigo. In kakanka bai ƙara ba, kai ma kada ka ƙara. In za ka juya su zuwa boko, ka nemi dattijon da ya san waƙoƙin da ka ya rera maka kana bi da yatsa, don rufu'a ɗaya ce ke ɗaukar u da o, kuma "ƙura" da "ƙora", ko "duka" da "doka", a takardar kakanka sura ɗaya za ka same su. Karin waƙar da amsa-amonta ne za su raba maka gardama.